Yadda Reshen Ƙungiya Ke Kafa Shafinsa a Intanet

A Ingila da Amurka akwai tsofaffin ƙungiyoyin 'yan'uwantaka, irin su Freemasons da Odd Fellows, masu rassa har a ƙananan garuruwa. Kowane reshe na da zauren taronsa da sakatare da ma'aji, kuma yakan tara kuɗi domin agaza wa membobi da mabuƙata. Babbar majalisar Freemasons ta Ingila ta faro tun 1717, amma a yau reshen da ke son jama'a su san da zamansa sai ya nemi shafi a intanet. To, ta yaya ake kafa irin wannan shafi?

Tim Berners-Lee ne ya gina shafin farko a cibiyar bincike ta CERN, aka buɗe shi ga jama'a a 1991, kuma a 1993 cibiyar ta sakar wa duniya fasahar kyauta. Har yanzu abubuwa uku ake buƙata: suna, da masauki, da bayanin da za a saka.

Suna shi ne adireshin shafin. Kwamfutoci da lambobi suke gane juna, don haka a 1983 Paul Mockapetris ya ƙirƙiro tsarin DNS, mai fassara suna zuwa lamba. Ƙungiyoyin sa-kai sukan zaɓi sunan da ya ƙare da .org. Sai dai suna haya ake yi, daga shekara ɗaya zuwa goma. Idan wa'adi ya cika ba a sabunta ba, wani na iya karɓe shi. Nan ne rassa ke tafka asara: wani memba ya yi rajistar da sunan kansa, daga baya ya ƙaura ko ya rasu, shafin ya bi shi. Saboda haka wajibi ne a yi rajista da sunan reshen, kuma aƙalla shugabanni biyu su riƙe kalmar sirri.

Masauki kuwa wata kwamfuta ce da ba a kashe ta dare da rana, inda ake hayar gurbi a ajiye rubutu da hotuna. Manhajar WordPress, wadda ta fito a 2003, ta sauƙaƙa tsara shafi ba tare da sanin harshen HTML ba. Tun 2015 kuma cibiyar Let's Encrypt ke ba da shaidar tsaro kyauta, wadda ke sirranta saƙo tsakanin mai karatu da shafin.

Batun bayani ya fi buƙatar lura. Ɗalibin ilmin halittu ya san tantanin ƙwayar halitta yakan bar wasu abubuwa su wuce, ya tsare wasu. Haka shafin ya kamata ya kasance. Tarihin reshe, da ranakun taro, da ayyukan agaji na kowa ne. Sunayen membobi, da lissafin kuɗi, da waɗanda aka taimaka wa kuwa, sai a killace su inda membobi kaɗai ke shiga. A Tarayyar Turai, dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a 2018 ta shafi har ƙananan ƙungiyoyi.

Daga ƙarshe, duk ranar da aka sauya shugabanni, a miƙa kalmomin sirri da ranar sabunta suna tare da littafin ma'aji, a kuma rubuta hakan cikin kundin taro.