3.2 Yadda Maganin Daji Ke Isowa Fagge da Sabon Gari

Kamar yadda aka nuna a babin da ya gabata, mafi yawan magungunan gargajiya na Hausawa daga itatuwa ake samun su, wato saiwa da sassaƙe da ganye da kauci. Tun a shekarar 1916 Dalziel ya tattara sunayen tsirrai da Hausa a cikin littafi, amma ainihin sanin amfaninsu yana hannun waɗanda ke zaune da daji, kamar Fulani makiyaya da maharba da Maguzawan ƙauyukan kudancin Kano. Dajin Falgore, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, yana cikin manyan dazuzzukan da suka rage a wannan jiha.

Mazaunin daji ya san itacen tun yana tsaye. Ya san maɗaci da ɗacin sassaƙensa, wanda ake jiƙawa a sha don ciwon ciki da zazzaɓi. Ya san sabara wadda ake dafa wa mai jego, da bagaruwa mai tsayar da gudawa, da kuma hano da ake sha don basir. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, ya san gwargwadon da ake sha. Misali, sanya, wadda Hausawa ke yi wa kirari da uwar magunguna, saiwarta tana da dafi, idan aka zarce ƙima tana iya halaka mutum.

To, Fagge da Sabon Gari ba daji ba ne. Fagge tun asali zangon fatake ce, Sabon Gari kuwa mazaunin baƙi ne da aka kafa a farkon zamanin Turawa. Saboda haka magani yakan iso nan ne bayan ya bi hannuwa da dama, daga mai sara zuwa ɗan sari, sannan 'yar mai ganye ko mai shimfiɗa a bakin titi. A kowane hannu sai wani abu na sanin ya zube. Da zarar an dake sassaƙe ya zama gari, ko mai sayarwa da wuya ya rantse da itacen da ya fito. Mai saye kuwa, wanda wataƙila ma Hausa ba harshensa ba ce, sunan cuta kawai yake faɗa a ƙulla masa.

A ganin mai wannan nazari, buƙatar birni tana cutar da itatuwan su kansu. Mai ɗiba don iyalinsa gefe guda yake sassaƙa, itacen ya warke. Mai cika buhu kuwa yakan kewaye gindin gaba ɗaya, kuma itacen da aka yi wa haka bushewa yake yi, domin an yanke hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa.