Kyandir Uku a Makaranta, Na Huɗu a Gida

Da ƙarfe biyar da rabi na asuba ake kaɗa ƙararrawa a wannan makarantar kwana ta Katolika da ke kudancin Kaduna, a yankin dayosis ɗin Kafanchan. A ƙarshen Nuwamba hunturu ya riga ya kankama. Yara na fitowa daga ɗakunan kwana a takure, hannu cikin suwaita, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi furu-furu duk da man da aka shafa. A haka suke jeruwa zuwa ƙaramin cocin makaranta, inda abubuwa suka sauya tun ranar Lahadi. Fada ya ajiye koriyar rigarsa ya sa ta shunayya, kuma a gefen bagade ga wani zagayen ganye da kyandir huɗu tsaye a kansa, uku na shunayya, ɗaya ruwan hoda.

Lokacin Adbent ke nan, makonnin jiran zuwan Almasihu. Yakan fara ne a Lahadin da ta faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, ya ɗauki Lahadi huɗu kafin Kirsimeti, kuma da shi ne sabuwar shekarar ikilisiya ke somawa. A Mas ɗin Lahadi ana dakatar da waƙar Gloria sai daren haihuwa. Karatu yakan karkata ga Annabi Ishaya, sannan Yohanna Mai Baftisma, daga ƙarshe Maryamu. 'Yan kwaya ma sun san ba yanzu ne lokacin sakin ganga ba.

Zagayen ganyen nan aikin 'yan aji ɗaya ne. Su ake turawa bayan ɗakin girki su yanko ganyen mangwaro da na dogon yaro, su naɗe a jikin waya. Iskar hunturu ba ta barin ganyen ya yi sati bai yi yaushi ba, don haka duk Asabar sai an sabunta. Malamin addini yakan ba su labarin asalin abin, kuma labarin ya dace da su sosai. Wani faston Lutarawa Bajamushe, Johann Hinrich Wichern, yana riƙe da gidan yara matalauta a Hamburg. Yaran sun dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti zai zo, sai a 1839 ya ɗauki tsohuwar ƙafar keken doki ya jera mata kyandira, ana kunna ɗaya kowace rana. Daga wurin Lutarawa al'adar ta shiga cocin Katolika, aka rage kyandiran zuwa huɗu.

Sai dai Adbent a makaranta yana da abokin tafiya, wato jarrabawar zangon farko. Yaron da ke riƙe da rosari da safe, da dare yana ƙarƙashin fitilar sola yana haddar lissafi. Ba abin mamaki ba ne idan akwatin roƙe-roƙen addu'a da ke bakin ƙofar coci ya cika da 'yan takardu kan kimiyya da Turanci. Amma duk wanda ya saurari yadda ake karanto su da yamma zai ji wasu da suka fi nauyi: a yi wa baba addu'a yana kwance, a yi wa ƙauyenmu addu'a mu kwashe amfanin gona lafiya, a yi addu'a a samu kuɗin makaranta na zango mai zuwa. Ba a faɗin sunan mai takarda. Ana karantawa, duka a amsa.

Tara kayan taimako shi ne ya fi ɗaukar hankalin makarantar. Tun Lahadin farko ake ajiye buhu a bayan kowane aji, ƙungiyar Sen Binsent di Fol ta ɗalibai ce ke kula da su. Ƙungiya ce da ɗalibin jami'a Frédéric Ozanam da abokansa suka kafa a Faris a 1833, kuma har yau tsarinta shi ne a taka a je wurin mabukaci, a zauna da shi. Abin da ke shiga buhunan ƙanana ne. Wannan ta kawo rabin sandar sabulu daga cikin akwatinta, wancan ya kawo gwangwanin gari ko silifas ɗin da suka yi masa kaɗan. Ranar ziyarar iyaye kuwa sai kaya su ƙaru, domin lokacin kaka ne: mudun masara, acca, wake, doya biyu a ɗaure da igiya, har da ƙullin busasshiyar citta daga iyayen da suka fito daga wajen Kachia da ƙasar Jaba. Matan zumunta na cocin gari sukan ƙara da atamfa da man ja.

Yawancin masu bayarwar nan su ma ba masu hali ba ne. Akwai waɗanda iyayensu sai sun sayar da akuya kafin su biya kuɗin zango. Shi ya sa Sistar da ke kula da aikin ta hana rubuta sunan wanda ya kawo kaza, ta kuma hana gasar aji da aji, ko da yake malamai sun san gasar za ta ninka kayan. Hukuncin nata daidai ne. Yarinyar da ba ta da komai sai sabulu ɗaya tana iya jefa shi cikin buhu ba tare da wani ya auna ta da ɗiyar ɗan kasuwa ba. Haka kuma wani kaso na kayan ba ya fita daga harabar makaranta. A asirce ake kiran wasu ɗalibai ofis kafin hutu, a ba su abin da za su riƙa zuwa gida, abokan zamansu ba su sani ba.

Sauran kayan ana fita da su ne a Asabar da ke kusa da Lahadi ta uku, wadda ake kunna kyandir ruwan hoda, Lahadin farin ciki. Motar makaranta takan zaga gidan marayu, asibiti, gidan yari, da gidajen da suka karɓi mutanen da rikici ya raba da ƙauyukansu. Ana gargaɗin yara tun kafin su hau mota: a durƙusa a gaishe da tsofaffi, a ce Baba, a ce Mama, kada a miƙa kaya a tsaye, kada a ɗauki hoton kowa. Ɗaliban 'ya'yan Bajju ne da Atyap da Ham da Agworok da Ibo da sauransu, amma a irin wannan ziyara da Hausa ake gaisuwa, da ita ake addu'a. Ɗalibai Musulmi da ke makarantar ba a tilasta musu shiga Mas, sai dai wajen cika buhu da ɗaukarsa ba a bar su a baya ba, kuma ba a tambayar addinin wanda za a ba.

Addu'ar yamma tana da wani nauyi a wannan yanki da baƙo ba zai gane nan take ba. Manyan ɗalibai sun taso suna jin labarin bam ɗin da ya tashi a cocin Sen Tarisa na Madalla ranar Kirsimetin 2011, sun kuma ji na hare-haren jajiberin Kirsimetin 2023 a Bokkos da Barikin Ladi. A Nuwamban 2025 'yan bindiga suka kwashe ɗaruruwan yara da malamai daga makarantar Katolika ta Papiri a jihar Neja, aka shiga Adbent ana jiran dawowarsu, rukuni na ƙarshe bai fito ba sai ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti. Idan Fada ya yi wa'azi kan sa zuciya a gaban waɗannan yara, ba ya bukatar dogon bayani. Sun san yadda uwa ke zama da waya a hannu tana jiran kira. Ana idar da rosari ake kulle ƙofar shiga, masu gadi su kama wurarensu, shugabannin ɗakuna su ƙirga kawuna.

A makon ƙarshe fadoji daga cocin maƙwabta sukan zo su taya sauraron furta zunubi, a jera kujeru bibbiyu ƙarƙashin bishiyoyi. Da dare kuma sai wasan kwaikwayon haihuwa, al'adar da ake danganta farkonta da Sen Faransis na Asisi a Greccio a 1223. Ana gina rumfar haihuwa da zana da karan dawa, makiyaya su fito da sanda da malfa irin ta Fulani, a aro ɗan akuya daga gidan mai girki, wanda sau da yawa kukansa ke danne muryar mala'ika.

Lahadi ta huɗu tana faɗowa ne tsakanin 18 da 24 ga Disamba, a lokacin kuwa yawanci an riga an yi hutu. Don haka kyandir na huɗu kowa a cocin garinsu yake ganin an kunna shi, wasu a babban coci a Kaduna ko Abuja, wasu a ƙauyen da katikis ne zai ja sujada domin Fada sai ya zagayo. Ranar tafiya ana sallamar yara tun da sassafe don kada dare ya yi wa kowa a hanya. Malamai biyu sukan zauna a ofis da rajista a gabansu, suna kiran iyaye ɗaya bayan ɗaya, suna sa alama a gaban sunan duk wanda ya isa gida. Kuɗin baikon coci da ya rage kuwa Sista na ajiye shi zuwa Janairu, lokacin da wasu iyaye za su zo roƙon a ɗaga musu ƙafa kan kuɗin zango na biyu.