Maijego, Hattara da Ruwan Randa Bayan Wanka

 Wata 'yar uwa ce ta aiko mana da tambaya daga Nahuce ta ƙaramar hukumar Bunguɗu. Ta ce zafin bazara ya ishe ta, shin in ta gama wankan jego za ta iya kwara ruwan randa don ta ji daɗin jikinta?

To 'yar uwa, akwai inda haka al'ada ce. A ƙasar Finland suna da ɗakin zufa da suke kira sauna, inda ake gasa duwatsu har zafin ɗakin ya kai digiri 80. Mutum ya zauna ya yi sharkaf da gumi, in ya fito ya juye wa kansa bokitin ruwan sanyi. A 2020 ma hukumar UNESCO ta sa sauna cikin al'adun gado na duniya. Amma ko a can, likitoci na hana mai ciwon zuciya wannan kwaren ruwa.

Ga dalili. Zafi yana buɗe jijiyoyin jini, zuciya ta ƙara saurin bugawa. Da ruwan sanyi ya sauka kwatsam sai jijiyoyin su tsuke, jini ya hau nan take. Mai ƙoshin lafiya zai jure. Ke kuwa zuciyarki wata tara ta yi tana aikin mutum biyu, ba ta gama hutawa ba.

Kuma ba yau aka san haka ba. A 1978 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, sun fitar da binciken da suka yi a Zariya kan masu jegon da zuciyarsu ta gaza. Sun danganta abin da tafasasshen ruwan wanka, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da yawan shan kunun kanwa, domin gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki.

Ba cewa muka yi a bar wanka ba. A dai sirka ruwan ya koma ɗumi, yadda za ki iya tsoma gwiwar hannu ki bar ta a ciki. In kin fito, ki zauna a inuwa, ki sha ruwa, jiki ya huce da kansa. Kanwa kuma a rage ta. Iyayenmu masu yi mana wanka, don Allah a tausaya.

In kin ga ƙafafu sun kumbura, ko kina haki da ɗan aiki kaɗan, ko ba ki iya kwanciya sai an jingina ki da matasai, kada ki jira arba'in. Ki gaya wa maigida a ranar, ya kai ki asibiti a Bunguɗu ko Gusau.

Allah ya raya mana abin da muka haifa, ya ba masu jego lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.