I'itikafi da Nauyin Damuwa: Me Ke Cika Masallatanmu a Goman Ƙarshe?

Duk wanda ya leƙa manyan masallatan Juma'a na Kano ko Kaduna ko Sakkwato da yammacin ranar 20 ga Ramadan zai ga abin da iyayenmu ba su saba gani ba: samari riƙe da katifu da gidajen sauro da butoci, ana duba sunayensu a rajista kafin a ba kowa gurbinsa. A da, i'itikafi ibada ce ta ɗaiɗaikun malamai da dattawa. Yau kwamitocin masallatai da yawa na neman hoton fasfo da wanda zai tsaya wa mutum. Wannan tsauri yana da nasaba da tsaro, musamman tun bayan harin da aka kai Babban Masallacin Kano ranar 28 ga Nuwamban 2014, amma ba a buɗe rajista sai inda masu nema suka yi yawa. A ganina, damuwar da ta dabaibaye zukata na cikin manyan abubuwan da ke kawo wannan cunkoso, kuma i'itikafi yana sauƙaƙa ta ne gwargwadon yadda aka kiyaye asalinsa, wato yankewa daga hidimar duniya.

Wa'azi yana da nasa kason. Tun zamanin tafsirin Shaikh Abubakar Gumi a Masallacin Sultan Bello na Kaduna, da kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, aka yawaita kira zuwa ga raya sunnonin da aka yi sakaci da su, kuma kowa ya ji cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lizimci i'itikafin goman ƙarshe har ya koma ga Mahaliccinsa. 'Yan Ƙadiriyya da Tijjaniyya kuwa sun gaji halwa tun kaka da kakanni. To amma wa'azin ya daɗe. Abin da ya sauya shi ne halin da masu sauraronsa suke ciki. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200, ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar shekarar. Ga masu garkuwa da mutane sun hana noma a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato. Ga saurayi ya gama hidimar ƙasa yana zaman kashe wando, aure ya gagara. Ga waya a hannu tana zuba masa labarin kisa da hotunan dukiyar sa'o'insa dare da rana. Mutumin da ke cikin wannan hali, idan ya ji akwai wurin da zai kwana goma babu mai bin sa bashi, babu mai aiken sa, sai shi da Ubangijinsa, ba sai an roƙe shi ba.

Hikimar tana cikin dokokin ibadar kansu. A mazhabar Malikiyya, wadda Risala da Muhtasar suka shimfiɗa mana, mai i'itikafi yana azumi, ba ya fita sai don larura, ba ya zuwa duba mara lafiya, ba ya bin jana'iza, ba ya fita ciniki. Muhtasar ma ya karhanta masa shagaltuwa da karatun ilimi da yawan rubutu, ya taƙaita shi ga salla da zikiri da tilawa. A dubi wannan da kyau: an ɗauke wa mutum har da ayyukan alheri, don zuciyarsa ta fuskanci abu guda. Damuwa kuwa abincinta rarrabuwar hankali ne, tunanin jiya da fargabar gobe suna ta kai-kawo. Idan aka tsara wa mutum yininsa da salloli biyar, ya san lokacin sahur da na tahajjud, harshensa na maimaita zikiri, kunnensa ya huta da surutu, sai tunanin ya rasa makama. Littafin tarihi ya nuna hakan. A 1095 Imam Gazali, yana kan ganiyarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya shiga ƙuncin da ya ɗaure masa harshe ya hana shi cin abinci. Ya bar kujerarsa ya tafi Dimashƙa ya keɓe, bai koma koyarwa a makaranta ba sai a 1106, kuma a wannan tsakanin ne ya rubuta Ihya'u.

Wani zai ce danganta i'itikafi da neman sauƙin damuwa rage masa daraja ne, tunda ibada don Allah ake yin ta, ba don hutun ƙwaƙwalwa ba. Maganar niyya gaskiya ce, kuma wanda ya shiga masallaci don ya huta kawai ya yi asarar lada. Sai dai addinin da kansa ne ya alaƙanta ambaton Allah da natsuwar zuciya, kuma ya koyar da addu'o'in neman tsari daga baƙin ciki da nauyin bashi. Bawan da ya kai kukansa ƙofar Ubangijinsa bai ɓata niyya ba. Wani kuma zai ce wannan gudu ne, tunda ranar salla zai fito ya tarar da farashin buhun shinkafa yana nan inda ya bar shi. Haka ne. Amma mai yanke shawara cikin firgici da mai yanke ta cikin natsuwa ba ɗaya ba ne, kuma a ƙasar da binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, saurayin da ya zaɓi masallaci a kan kwalbar kodin ya cancanci a ƙarfafa shi.

Inda matsalar take shi ne cunkoson yana cinye abin da aka zo nema. Mutum ɗari biyar a haraba guda, kowa da wayarsa, ana rububin wurin caji, ana hira har sahur, ana ɗaukar hoto ana sakawa a Facebook da TikTok. Wanda ya shiga da waya ya shiga da kasuwarsa da basussukansa da duk labarin da ya gudo dominsa, jikinsa ne kawai ke cikin masallaci. A wasu wuraren kulolin abinci sun zama abin gasa, a wasu kuma rashin isassun banɗakuna kan haifar da ciwo. Akwai ma magidancin da kan tafi bai bar wa iyali cefane ba, alhali malamanmu sun karhanta i'itikafi ga wanda bai tanadi abin da zai ishe shi ba, balle wanda ya bar haƙƙin da ya wajaba a kansa ya rungumi nafila. Ɗan dako ko mai Keke Napep da sai ya fita za a ɗora tukunya, neman halalinsa ya fi masa, kuma bai kamata a sa shi jin cewa an bar shi a baya ba.

Hatsarin da ya fi wannan girma shi ne a ɗauki kowace irin damuwa a matsayin raunin imani. Akwai damuwar yau da gobe, wadda zikiri da shiru ke kwantar da ita. Akwai kuma ciwon damuwa, wanda ke hana barci makonni, ya cire sha'awar abinci da aiki, har ya kai mutum ga tunanin halaka kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa 'yan Nijeriya kusan miliyan 7 na fama da shi, ga likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Mai irin wannan ciwo, idan aka haɗa masa kaɗaici da raba dare ana tsayuwa, yana iya fitowa ya fi da muni, sannan ya ƙara da zargin kansa cewa addu'arsa ce ba ta karɓu ba. Ba mu taɓa ce wa mai ciwon suga ya ajiye maganinsa ya tafi halwa ba, don haka babu hujjar faɗa wa wannan.

Gyaran yana hannun limamai da kwamitocin masallatai, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A ƙayyade adadi daidai da abin da wurin zai ɗauka. A karɓi wayoyi a ƙofa, a bar lamba guda ta kwamiti wadda iyali za su kira idan larura ta taso. A tambayi magidanci ko ya bar cefane. A gayyato likita ya yi wa masu shiga bayani tun ranar farko. Idan kuma liman ya lura da wanda ba ya barci, ba ya cin abinci, ba ya magana da kowa, to ya yi masa addu'a, sannan ya kama hannunsa ya haɗa shi da asibitin Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato.