Yaron da ya zo ƙona tanti

A birnin Salisbury na Rodeshiya, wanda yau ake kira Harare, aka haifi Stephen Lungu a 1942. Yana ɗan ƙarami mahaifiyarsa ta tafi ta bar shi. Ƙarƙashin gada ya zama makwancinsa, abincinsa kuwa ragowar da yake tonowa a kwandon sharar gidajen Turawa. A lokacin Turawa 'yan tsiraru ne ke riƙe da mulki da ƙasa mai albarka, baƙar fata kuma an tattara su a unguwanni irin su Highfield. Yaron da ke lasar ragowar wanda ya ƙwace masa ƙasa ba ya bukatar malamin ƙiyayya. Lungu ya tashi da wuta a ƙirji, ya zama jagoran gungun matasa da ake kira Black Shadows, ya kuma shiga sahun masu fafutukar korar Turawa da ƙarfi.

Wata rana da yamma a 1962 suka fito ɗauke da kwalaben fetur za su ƙona wani banki. A hanya suka tarar da babban tanti na 'yan mishan ɗin Dorothea daga Afirka ta Kudu, cike da jama'a. Lungu ya ba da umarni a fara da nan, domin a ganinsa coci kayan Bature ne. Ya ce bari ya leƙa ciki tukuna.

Mai wa'azin baƙar fata ne, Shadrach Maloka. Yana magana a kan zunubi da sakamakonsa, hawaye na zubo masa. Lungu ya ji kamar asirinsa ake tonawa. Ya nufi gaba da kwalabensa a jaka, ya durƙusa. Tarzoma ta ɓarke a waje, amma Maloka ya tsaya da shi, ya gaya masa cewa Allah yana ɗaukar wanda uwa da uba suka yasar. Washegari Lungu ya kai kansa wurin 'yan sanda, suka sallame shi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, cikin waɗanda suka rene shi a bangaskiya har da Bature, Patrick Johnstone na Ingila. A 1982 Lungu ya shiga ƙungiyar African Enterprise ta Michael Cassidy, ya jagoranci aikinta a Malawi, daga bisani ya shugabance ta gaba ɗaya. Ya yafe wa iyayensa, ya yi wa'azin sulhu har rasuwarsa a Janairun 2021.

Duk daren da na ratsa unguwar Briqueterie a Yawunde na ga yaro kwance a bakin shago, Lungu nake tunawa. Wani zai riga kowa kiran yaron nan "ɗana". Allah ya sa mai neman shiryar da shi ne, ba mai miƙa masa ashana ba.