Mu kai yara su ga zaki da idonsu, amma sai da shiri



Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na jihar Maraɗi. Wata rana cikin aji na rubuta kalmar "zaki" bisa allo, kowa ya karanta. Sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, kai ka taɓa ganin shi?" Na ce a'a. Ya ce: "To, kakana ya gan shi cikin dajin nan da muke noma yau. Ni kukan kura na ji. Jikokina ko kura ba su sani ba, sai cikin gatana."

Maganar ta zamna mini a rai. Shi ya sa bazarar da ta wuce na ɗauki mai ɗakina da yaranmu 3, munka tahi Yamai ganin namun daji. Mun ji daɗi, mun kuma sha wahalar da ba ta kamata ba. Ga abin da na koya, don wanda ke da niyya shi hi ni shiri.

Wane lokaci ya dace?

Manomi ba shi da hutu da damana, ba shi da hutu da kaka. Lokacinmu shi ne bazara, kahin a shiga sassabe da kai taki gona. Wajen ƙarshen watan Maris ana ba ƴan lakkwal hutu. Ku tambayi mushen lakkwal ranar da za a tashi da ranar da za a koma, don kada yaro shi rasa karatu saboda yawo.

Kada ku bari sai watan Mayu. Zahi ya kai maƙura, kuma ruwan shibka na iya sabka kana nesa da gonarka. In shamuwa ta iso gari, magidanci shi kasance gida. Masu noman rani kuma su bari sai sun cire albasa.

Kuɗɗin tahiya

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kada wanda ya buɗe rumbu ya saida cimakar iyali don zuwa kallo. Kada wanda ya taɓa iri. Kada a ci bashi. Mun san halin watannin Yuli da Agusta, lokacin da hatsi ke tsada, rumbu ya yi ƙasa. Kallon kwana 2 bai kai yunwar wata 2 ba.

Mu tun kaka munka hwara tari. Na ware buhun wake guda. Mai ɗakina ta turke ɗan akuya, ta kuma shiga adashe. Kahin tahiya na ɗauki kaye na rubuta abu 5: kuɗɗin mota zuwa da komowa, abinci, taksi cikin birni, kuɗɗin shiga wurin kallo, da tsarabar mai masabki. Na ƙara na 6, wanda na ɗaure dabam don rishin lahiya ko lalacewar mota.

Ga misali don lissahi. A ce kuɗɗin mota jika 10 ne ga mutun guda, kuna buƙatar kujera 4. Zuwa jika 40, komowa jika 40, sun zama jika 80, ba a ko sha ruwa ba. Wanga misali ne kawai. Ku je tasha ku tambayi kuɗɗin na gaskiya, ku tambayi kuma daga shekara nawa yaro ke biyan kujera. In lissahi bai hita ba, a rage mutane ko a bari sai baɗi. Babu kunya ciki.

Gida da bisashe

Bazara ce lokacin da bisashe sunka hi wahala. Ciyawa ta ƙare, rijiya ta yi nisa. Kahin ka tashi, ka samu wanda za shi shayar da su sahe da marece, ka auna mishi harawa da dussa na kwanakin da za ka yi. Ni ƙanena na bar ma gida. Makiyayin da ba shi da mai tsaron garke, shi haɗa yaranshi da wani ɗan'uwa amintacce mai tahiya.

Ka aika ma mai masabkinka tun da wuri, ka hwaɗa mishi ku nawa ne da kwana nawa za ku yi. Zaman birni da tsada, komi saye ake. Kwana 3 sun isa. Mun tahi ma kawuna da gero da kuka da daddawa, ya ji daɗi ƙwarai.

Takardu da lahiya

Hanyar Yamai akwai shingayen jandarma da ƴan sanda. Kowane babba shi riƙe katinshi na ɗan ƙasa, a duba ko bai mutu ba. Yara a riƙe takardunsu na haihuwa. Wanda bai yi ma ɗanshi takarda ba, shi je ma'aikatar magajin gari tun yanzu, ba ranar tahiya ba.

Bazara lokacin sanƙarau ne da dusa, kuma cikin taro ake ɗaukar su. Ku kai katin lambar yara gidan likita a duba. Yaron da ke da masassara ko zawo ba a tahiya da shi. Ku riƙe jarkar ruwa mai tsabta, da ƙunshin garin nan na ruwan zawo da ake damawa cikin litar ruwa guda. Jinjiri da tsoho mai rauni su zamna gida, zahin Yamai cikin watan Afrilu ya kan wuce awo 40.

Hanya

Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne. Daga Damagaram kusan 900. Daga Tawa wajen 550. Manyan motoci da asuba suke tashi, don haka a yanki tikiti tun jajibiri. Mun bi Gidan Runji, Madawa, Galmi, Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso, munka isa da marece. Na ba babban ɗana aiki: duk garin da munka shiga shi karanta allon sunan garin, shi rubuta cikin kaye. Uwarsu, wadda ke aji na 2 na yaƙi da jahilci, ta riga shi karanta "Doso". Har yau tana yi mishi dariya.

Mun yi guzurin hura da ƙuli-ƙuli da dabino. Abincin tasha da tsada, kuma ba kullun ke da tsabta ba.

Abin da ke cikin Muze

Gidan da ake ce ma Muze shina tsakiyar birni, kusa da gulbi da gadar Kenedi. An buɗe shi a 1959. Shina ɗauke da sunan Bubu Hama, marubucin nan da ya shugabanci majalisar dokoki, wanda ya rasu a 1982. Hili ne babba, hekta 24, ba a gama shi da gaugawa.

Mun ga zaki da kura da dorina da kada da birai da jimina. Auta ta ga dorina ta buɗe baki, ta ruga bayan uwarta ta ɓoye. Babban ya tsaya gaban zaki ya ce: "Baba, ashe bai kai raƙumi ba!" Gani ya kori ji.

Akwai ƙasusuwan wasu manyan dabbobi da anka tono a Gaduhwawa, cikin jihar Agadas. Sun rayu shekara hiye da miliyan 100 da sunka wuce. A lokacin, wurin da ke rairayi yau gulabe ne da itatuwa, har da wani irin kada mai tsawon kusan mita 10.

Akwai kuma icen Tenere. Ice ne guda tilo da ya tsaya tsakiyar hamada, ayarin gishiri ke gane hanya da shi. Saiwarshi ta bi ruwa har zurhin hiye da mita 30. A 1973 wata babbar mota ta buge shi ya hwaɗi. Anka ɗauko gangar anka aje a Muze, anka dasa na ƙarhe a madadinshi. Na daɗe tsaye gabanshi, ina tuna gawon da na sare a gonata ba dalili.

An gina kuma irin gidajen Hausawa da Zabarmawa da Hulani da Abzinawa. Ga maƙeran azurhwa da dukawa da masaƙa suna aiki gaban jama'a. Ku kalla, amma ku kama aljihunku.

Ku tambayi mai masabki ranaku da sa'o'in buɗewa. Ku je da sahe. Mu rana ta hwarko mun isa da tsakar rana, namun duk sun shige inuwa sun kwanta, yara sun galabaita. Dole munka koma wanshekare, munka biya sau 2. Kada yaro shi sa hannu cikin keji, kada shi jehi dabba, kada shi miƙa ma biri abinci. Biri na cizo.

Wurin wasan yara

Cikin birni akwai wuraren wasa masu lilo da ƴan motoci da dokin ƙarhe mai kewaya. Kowane hawa da kuɗɗinshi, nan ne aljihu ke yoyo. Tun daga ƙohwa ka gaya ma yara: kowa hawa 2. Ka duba abin kahin ɗanka shi hau. In ƙarhen ya ci tsatsa, ko babu abin ɗaure yaro, ka hana, ko da za shi yi kuka. Ƙarhen da ya sha rana kuma shina ƙuna.

A irin wanga wuri ne hankalina ya tashi. Ina biyan kuɗɗi, uwarsu na ba auta ruwa, sai munka duba babu na tsakiya, mai shekara 6. Ni na aza shina wurinta, ita ta aza shina wurina. Na kewaya ina kira, murya ta ɓace cikin taro. Ban san inda ƙahwata ke takawa ba.

Sai salulata ta yi ƙara. Wata mata ce mai saida ruwa. Ta ce: "Malam, ɗanka na wurina, zo bakin ƙohwa." Abin da ya cece mu, tun gida na rubuta ma kowane yaro ƴar takarda: sunanshi, sunana, sunan garinmu, da lambar salula. Uwarsu ta ɗinke ta cikin aljihun riga. Matar ta ga yaro na kuka, ya nuna mata aljihu, ta karanta. Na ce: "Inna, Allah shi saka miki da alheri." Ta ce: "Ka gode ma wanda ya koya mini karatu."

Don haka ku yi ma yaranku wagga takarda. Ku raba tsaro tun kahin shiga: wane na hannun wane. Ku nuna musu wuri guda da za su tsaya in sun ɓace. Ranakun salla taro ya hi yawa, mai ƙananan yara shi kauce musu.

Raƙumin dawa

Wajen kilomita 60 kahin a shiga Yamai, bisa hanyar Doso, akwai garin Kure. Nan ne raƙuman dawa na ƙarshe na Afirka ta yamma sunka rage. Hwarauta da hwari da saran daji sun kusa gama su. A 1996, 49 kaɗai anka ƙidaya. Da gwamnati da mutanen ƙauyukan sunka tashi tsaron su, sun hayayyahwa har sun wuce 600. A 2018 anka ɗauki 8 anka kai dajin Gadabeji, arewa da Dakwaro.

Makiyaya, ku ji wanga: saniya na ɗaukar ciki wata 9, raƙuma wajen wata 13, raƙumar dawa wata 15, kuma ɗa guda take haihuwa. Shi ya sa garkensu ba ya cika da wuri. Da rani suna gangarawa Dallol Boso cin ganyen gawo da ƴaƴanshi. Suna yi ma manoman wurin ɓarnar wake, duk da haka an bar su.

Amma a yi hattara. A watan Agusta na 2020 ƴan bindiga sun kashe mutun 8 a dajin Kure. Kada kowa shi sabka da iyali shi shiga daji da kanshi. Sai an tambayi hukuma, in ta yarda, a bi ɗan jagora na wurin. Mu ba mu sabka ba. Yara sun liƙe ma taga, wani lokaci ana hango su daga bisa hanya. Gandun dajin W kuma, saboda rishin tsaro, ba wurin kai iyali ba ne.

Wanda bai iya zuwa Yamai

Ba dole sai babban birni ba. Mutanen Maraɗi na da tabkin Madarunhwa, da masunta da tsuntsayen ruwa. Mutanen Damagaram na da hwadar sarki da tsohuwar unguwar Birni, ga tabkin Gidimuni. Mutanen Tawa na da tabkin Tabalak. Tahiyar yini guda ce, ko a amalanke ga na kusa. Gida 3 ko 4 na iya haɗa kuɗɗi su ɗauki mota guda. A bakin ruwa dai, ido bisa yara.

Da munka komo, na kai kayen ɗana aji. Ya rubuta sunan gari 9 da dabba 7. Dattijon nan ya karɓa ya karanta da kanshi, sannu-sannu, har ƙarshe. Ya ce baɗi, in da rai, shi ma za shi kai jikokinshi, kuma ya riga ya ware tunkiya guda. Ɗana kuwa ya roƙe ni in bar ƴan gawon da sunka tsiro cikin gona. Bana da na yi sassabe, na bar guda 12.

Allah shi kai mu damana lahiya, shi ba mu ruwa mai albarka. Amin.