Fara rubutu a intanet: Zaman sabon marubuci a rumfar aro

A ƙarshen watan Nuwamban 2023 manhajar OkadaBooks ta daina aiki, bayan ta shafe shekara goma tana sayar da littattafan marubutan Najeriya ta wayar hannu. Marubutan Hausa da dama, galibinsu mata, na cikin waɗanda suka baje kolinsu a can. Wanda ya adana rubutunsa a wani wurin ya kwashi kayansa ya nemi sabuwar rumfa. Wanda kuwa ya dogara da manhajar kaɗai, hanyar da ke haɗa shi da masu saye ta yanke a rana guda.

Wannan lamari ya shafi duk matashin da ke shirin fitar da rubutunsa na farko ga jama'a, ko ƙagaggen labari ne, ko sharhi, ko bayanin sana'a. Fara rubutu bai taɓa yin sauƙi irin na yau ba. A 1933, sai da Hukumar Fassara ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasa kafin a samu ƙagaggun labaran farko na boko, ciki har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. A zamanin adabin kasuwar Kano, daga shekarun 1980 zuwa gaba, marubuci shi ke tara kuɗin takarda da na maɗaba'a, sannan ya bi shagunan littattafai yana jiran ciniki. Yanzu waya da data sun wadatar. Sai dai wancan marubucin yana da littafi a hannu, abin da na yanzu sau da yawa ba ya da shi.

Facebook da WhatsApp da Wattpad duk gidajen wasu ne. Mai gida na iya sauya doka, ko ya rufe shafin mutum ba tare da dogon bayani ba, ko shi kansa gidan ya samu matsala, kamar yadda Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida ranar 4 ga Oktoban 2021. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter a watan Yuni, ba ta janye ba sai 13 ga Janairun 2022, aka kuma katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara a watan Satumba saboda matsalar tsaro. Ba a shawarci marubuci ko ɗaya ba kafin ɗaukar waɗannan matakai.

Ba wai a guji waɗannan dandali ba ne, domin a can masu karatu suke. Abin lura shi ne inda asalin rubutun yake zaune. Da yawa daga cikin sababbin marubuta na buga labari kai tsaye a cikin WhatsApp, shafi bayan shafi, su tura wa zaure. Ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka fizge ta a tasha, sai a shiga roƙon masu karatu ko akwai wanda ya adana babi na bakwai. Mai hangen nesa yakan fara rubutawa a manhajar rubutu, ya ajiye kwafi a imel ɗinsa ko a Google Drive, kafin ya saki. Kwanan watan da ke jikin wannan kwafin zai yi masa amfani ranar da wani ya yi iƙirarin shi ne mai labarin. Wanda ke da hali na iya mallakar adireshin intanet mai ɗauke da sunansa, irin masu ƙarewa da .ng waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da rajistarsu, amma ya sani haya ce da ake sabuntawa, in ya manta wani na iya ɗauka.

Batun satar fasaha ma tun ranar farko yake somawa. Tsarin da marubutan intanet suka saba da shi sananne ne: a saki shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ya tura kuɗi a asusun banki a saka shi a zaure na musamman. Rauninsa shi ne mutum ɗaya ya isa ya fitar da littafin gaba ɗaya da danna maɓalli, wani lokaci har a cire sunan marubuciyar, ko a karanta shi a YouTube ana samun kuɗin talla. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta shafi ayyukan da ke intanet, kuma haƙƙi na tabbata ne da zarar an rubuta aiki, ba sai an yi rajista ba. Amma doka na buƙatar hujja, hujjar kuwa ita ce kwafin da marubucin ya adana.

Akwai kuma dokar da ke kallon marubucin shi kansa. An sha kama 'yan jarida da masu sharhi ƙarƙashin sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015. An gyara sashen a 2024 aka taƙaita shi, amma dokokin ɓata suna na nan daram. Mai shirin rubuta sharhi kan shugaban ƙaramar hukumarsa ko wani ɗan kasuwa ya kamata ya tambayi kansa ko zai iya kare kowace jimla a gaban alƙali. “An ce” ba ta fitar da mutum.

Sai maganar harshen, wadda ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Baƙaƙen ƙ da ɗ da ɓ ba ado ba ne. Su ke raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa. A da ana kafa hujja da cewa waya ba ta da su, yanzu kuwa allon rubutu na Gboard na da Hausa, minti biyu sun isa a kunna. Raba kalma da haɗe ta ma wata matsala ce: “zanje” maimakon “zan je”, “sukace” maimakon “suka ce”. Duk wanda ya taɓa zama a teburin tace labarai ya san mai karatu na yafe kuskure ɗaya ko biyu, amma a na biyar yakan rufe ya wuce. Marubucin da ke mafarkin shiga gasa irin Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya soma a 2016 domin mata marubuta, zai tarar alƙalai na duba ƙa'idar rubutu tare da daɗin labari.

Abin da ke kayar da yawancin masu farawa dai bai kai waɗannan girma ba. Gajiya ce. Mutum ya ɗauki alkawarin sakin rubutu kullum, ya yi mako biyu da zafinsa, sai hidimar gida ko rashin wuta su shiga tsakani, masu karatu su yi cigiya kwana uku su koma wani zauren. Waɗanda suka daɗe a harkar sukan tara shafuka da yawa a ajiye kafin su saki na farko, su kuma zaɓi ranakun da za su iya cikawa ko da sau biyu ne a mako.